Jean Prouvé: Maƙerin da ya aiko wa Yamai gida a jirgin sama

A shekarar 1949 wani jirgin dakon kaya ya sauka a Yamai ɗauke da gida sukutum, bango da rufi da ƙofofi, kowane a kwance. Wanda ya ƙera shi Bafaranshe ne mai suna Jean Prouvé, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙoƙarin nuna cewa ana iya yin gida a masana'anta kamar yadda ake yin mota.

An haife shi a Paris a 1901, ya girma a Nancy da ke gabashin Faransa. Mahaifinsa Victor Prouvé sanannen mai zane ne, amma shi ɗan ƙira ya koya. Bai yi karatun zanen gine-gine ba. Da ya buɗe maƙerarsa a Nancy, sai ya lura cewa fallen ƙarfe in an lanƙwasa shi yadda ya dace yana ɗaukar nauyi mai yawa alhali ba shi da nauyi. Da wannan dabara ya yi kujeru da tebura, daga baya ya koma gidaje.

A Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin masu gwagwarmaya da mamayar Jamus, kuma bayan ƴantar da Nancy a 1944 ya zama magajin garin na ɗan lokaci. Yaƙi ya bar dubban iyalai a yankin Lorraine ba matsuguni, gini da dutse kuwa sai an yi watanni. Sai ya fito da gida mai mita 6 tsawo da mita 6 faɗi, ginshiƙansa na ƙarfe, bangonsa na katako. Mota ɗaya ke kai shi, mutane ƙalilan su harhaɗa shi a yini guda. Ruwan sama ba ya tsayar da aiki tunda a cikin masana'anta ake yi, ba a jiran siminti ya bushe, kuma in bukata ta tashi a kwance shi a kai wani wuri.

Gidan Yamai na ƙarfe ne da alminiyam, an tsara shi don ƙasar zafi. Akwai baranda kewaye da shi, da fallaye masu tare rana, sannan rufinsa biyu ne da kafa a ƙololuwa wadda iska mai zafi ke fita ta nan. A 1951 aka kai wasu biyu Brazzaville. Daga nan aikin ya tsaya, domin kuɗin ƙira da na dako sun fi na gini da kayan gida, Turawan mulkin mallaka ma ba su yi marmarinsa ba. Arahar gidan masana'anta sai an yi shi da yawa, shi kuwa uku kawai aka yi.

A 1953 masana'antarsa ta Maxéville ta kuɓuce masa, masu hannun jari suka karɓe ragama. Bai karaya ba. Da ragowar kayan ya gina wa iyalinsa gida a kan tudun Nancy a 1954. A 1956 ya tsara wa Abbé Pierre gidan marasa galihu mai murabba'in mita 57, aka harhaɗa shi cikin awa 7 a bakin kogin Seine. Hukuma ta ƙi amincewa da shi saboda makewayinsa a tsakiyar gida yake. Ya koyar a Paris shekaru da dama, kuma shi ya shugabanci kwamitin da ya zaɓi zanen cibiyar Pompidou a 1971. Ya rasu a Nancy a 1984.

Sauƙin kwancewar da ya yi alfahari da shi ne ya raba Afirka da gidajen. A shekarar 2000 wani dillalin kayan tarihi ya saye su, ya kwashe zuwa Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazzaville a New York a kan kusan dala miliyan 5. A Yamai daɓen siminti kaɗai aka bari. Yau da ambaliya da rikici ke raba mutane da muhallinsu a Sahel, tambayar da ta kayar da Prouvé tana nan: wa zai ƙera irin wannan gida a kusa, da yawa, a farashin da talaka zai iya?