Kyaftin Jak Kusto Da Jiragen Da Teku Ta Haɗiye

Duk wanda ya taɓa kallon yara suna nutso a gulbin Gusau ya san iyakar ɗan Adam a ƙarƙashin ruwa: minti ɗaya, in ya yi ƙwazo biyu, sai ya taso yana haki. Mutumin da ya fi kowa aikin gusar da wannan iyaka shi ne wani hafsan mayaƙan ruwa na Faransa, Jak Kusto, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Jacques Cousteau.

An haife shi ran 11 ga watan Yuni, 1910, a wani ƙaramin gari kusa da birnin Bodo. Ya shiga makarantar mayaƙan ruwa cikin 1930, amma burinsa shi ne tuƙin jirgin sama. Wani mummunan haɗarin mota da ya karya masa hannuwa biyu cikin 1936 shi ya rufe masa wannan ƙofa. Sai ya riƙa iyo a bakin tekun Tulon don hannuwan su yi ƙwari, a nan ne wani abokin aikinsa, Philippe Tailliez, ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Tun daga ranar hankalinsa ya koma ƙasan teku.

A wancan zamani mai nutso yakan sa hular ƙarfe da takalman dalma, ana hura masa iska ta cikin mesa daga sama, watau kamar akuya ce a turke. Cikin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Kusto da wani injiniya mai suna Émile Gagnan suka gyara wani bawul da Gagnan ya ƙera don motoci masu aiki da gas, suka haɗa shi da tukunyar iska da ake goyawa a baya. Bawul ɗin ba ya sakin iska sai mutum ya ja numfashi, kuma yana ba da ita daidai da nauyin ruwan da ke danne shi. A shekarar nan suka ɗauki fim a cikin jiragen da suka nutse a gaɓar Faransa.

To, amma na'ura kaɗai ba ta kai mutum ga gawar jirgi, domin jirage ba safai suke nutsewa a bakin gari ba. Mai neman su yana bukatar gida a kan ruwa, inda zai kwana, ya ci abinci, ya ɗura iska, ya kuma sami magani in ya taso da ciwo. Cikin 1950 wani attajiri, Loel Guinness, ya sayi wani tsohon jirgin share nakiya mai tsawon mita 42 da ke fito a tsibirin Malta, ya ba Kusto haya a kan faran ɗaya tak a shekara. Shi ne Kalifso. Aka sa masa injin ɗura iska, da ƙofa a cikinsa wadda masu nutso ke bi su shiga ruwa, da ɗan ɗaki mai tagogi a goshinsa. Kuɗin mai ya zame musu alaƙaƙai, har matarsa Simone ta sayar da kayan adonta. Ita ce kuwa ta fi shi kansa daɗewa a cikin jirgin, ita ke kula da ma'aikata.

Babban aikinsu na farko a kan mataccen jirgi ya soma cikin 1952, a gindin wani dutse mai suna Grand Congloué kusa da Marsel, a zurfin mita 40 ko sama da haka. A irin wannan zurfi iskar naitirojin takan shiga jinin mutum, ta juya masa kai kamar mai maye, in kuma ya taso da gaggawa ta yi kumfa a jijiyoyinsa ta shanye masa jiki. Saboda haka kowane mai nutso ɗan lokaci kaɗan ake ba shi a ƙasa, kimanin rubu'in sa'a, sa'an nan ya taso sannu a hankali. Duk da wannan taka-tsantsan, ɗaya daga cikinsu ya rasa ransa a watan Nuwamba na shekarar. Sun fito da dubban tuluna da kwanonin ƙasa da suka shekara dubu biyu a ruwa. Sai dai gaggawa ta yi musu yawa, ba su auna inda kowane abu yake kwance ba kafin su ɗauke shi. Bayan shekaru wajen talatin masana suka tabbatar cewa jirage biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, da kusan shekara ɗari a tsakaninsu. An cakuɗa kayansu, kuma abin da aka rasa na ilmi ba ya dawowa.

Bahar Maliya, wadda alhazanmu na da suka riƙa ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda, ita ce ta fi fito da sunansa. A tsakiyar shekarun 1950 masunta suka nuna masa inda jirgin Ingila mai suna Thistlegorm yake, kusa da bakin tsibirin Sina'i. Jiragen saman Jamus ne suka nutsar da shi ran 6 ga watan Oktoba, 1941, mutum 9 suka mutu. Yana kwance a zurfin mita 30 da lodinsa na babura, da motocin soja, da bindigogi, da kawunan jirgin ƙasa guda biyu. Kusto ya ɗauki hotuna, ya kuma fito da babur ɗaya, da akwatin kuɗin kyaftin, da ƙararrawar jirgin. Fim ɗin da ya haɗa da Louis Malle ya ci babbar kyautar bikin Kan cikin 1956. Wanda ya kalle shi yau zai yi mamaki, don a ciki ana ganin mutanensa suna fasa duwatsun murjani da nakiya. Daga baya shi da kansa ya zama na gaba wajen yaƙi da ɓata teku.

Cikin 1963 ya kafa wani ɗan ƙauye na ƙarfe a ƙarƙashin ruwa arewa da Bur Sudan, mutane suka yi wata guda a ciki, a zurfin mita 10. Cikin 1975 kuma ya gano Britannic, ɗan'uwan Titanic, wanda ya nutse a tekun Girka cikin 1916.

An manta da Thistlegorm har farkon shekarun 1990. Tun daga lokacin jiragen kwana na masu yawon buɗe ido, waɗanda suka gaji tsarin Kalifso, suke kai dubban masu nutso wurin kowace shekara. Igiyoyin ɗaure jirage sun yi masa lahani, masu son abin tunawa kuma sun kwance sitiyari da sauran ƙananan kaya, alhali kuwa wurin kabari ne. Sai cikin 2001 Hukumar UNESCO ta tsara yarjejeniyar kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, wadda ta fifita a bar su inda suke.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da rashi. Ɗansa Philippe, wanda ya so ya gaje shi, ya mutu a haɗarin jirgin sama a Fotugal cikin 1979. Simone ta rasu cikin 1990. A watan Janairu, 1996, wani kwalekwalen dakon kaya ya buge Kalifso a tashar Singafo, ya nutse, sai da aka yi kwanaki kafin a tsamo shi. Kusto bai sāke tafiya a cikinsa ba. Ya mutu a birnin Faris ran 25 ga watan Yuni, 1997, yana da shekara 87.