Labarin Wiliyam Hashal, Makaɗin da Ya Ƙera Madubin Duban Taurari

An haifi Wiliyam Hashal a birnin Hanoba ta ƙasar Jamus cikin shekarar 1738. Asalin sana'arsa kiɗa ne, da ita ya yi ƙaura zuwa Ingila, ya zauna a garin Bat. Can son ilmin falaki ya kama shi, ga shi kuwa ba shi da kuɗin sayen babban bututun duban taurari. Sai ya ƙudura ya ƙera da hannunsa.

Bututun nan iri biyu ne. Na fari da gilashi a bakinsa, amma yakan yi wa tauraro gezar launi kamar bakan gizo. Na biyu, wanda Isiyaku Niyuton ya ƙera cikin 1668, madubi ne mai zurfi kamar tasa a gindin bututu. Shi ke tattara haske ya mayar wa ƙaramin madubi, wannan kuma ya karkato shi gefe, wajen idon mai dubawa. Ba ya kawo geza, kuma babbansa ya fi araha.

Hashal ya zaɓi na biyun. Ya narka jan ƙarfe da kuza, ya zuba madubi, yana gogewa har sa'a 16 bai ɗaga hannu ba, ƙanwarsa Karolin tana ba shi abinci a baki. Ran 13 ga Maris, 1781, da bututu mai tsawon ƙafa 7, ya gano Yuranus, tauraro mai tafiya da ke bayan Zuhal, wanda magabata ba su ƙidaya ba. Sarki Joji na Uku ya yanka masa fam 200 a shekara.

Cikin 1789 ya gama wani mai ƙafa 40, faɗin madubinsa inci 48. Nan aibin ya bayyana: ƙarfen yakan dushe, sai an sake guga, kana juya shi sai da mataimaka. Saboda haka yawancin aikinsa da mai ƙafa 20 ya yi shi. Ya rasu cikin 1822.

Yanzu madubin na gilashi ne da aka shafa wa alminiyam, ba ya saurin dushewa. Amma wanda ya mallake shi a Ƙaurar Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, wajibi ne ya riƙa daidaita madubai biyun, ya kuma rufe bakinsa saboda ƙurar hunturu.