Adamu Halilu: Mutumin Da Ya Kai Shaihu Umar Allon Silima

Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina a aji ma'anar kalmar Wapa. Kusan baki ɗaya suka ce wurin 'yan canji ne a Fagge. Babu wanda ya san cewa sunan gidan silima ne. Haka Plaza da Orion da Eldorado suka zama sunayen wuraren da ake cewa mai Adaidaita Sahu ya tsaya. A ilimin harshe mun san suna kan daɗe bayan abin da aka raɗa wa ya gushe. Wannan ne ya tuna mini da wani bawan Allah wanda nasa sunan ma yake neman gushewa, wato marigayi Alhaji Adamu Halilu.

Na tashi ina zuwa kantin kawuna a Kantin Kwari duk lokacin hutu. Idan Sallah ta ƙarato, bayan an sha cinikin atamfa da shadda, hirar yaran kanti ba ta wuce fim ɗin da za a nuna a Plaza da daren Sallah. Mu yara ba a barinmu zuwa, domin a idon iyayenmu silima ba wurin ɗan mutunci ba ce. Iyakarmu mu tsaya mu kalli hotunan da aka liƙa a bango: na Indiya, na 'yan Chana masu faɗa, sai na kaboyi. Ban taɓa ganin hoton mai rawani ko babbar riga a bangon nan ba. Wata rana na faɗa wa kawu haka, sai ya ce ai an taɓa yin fim da Hausa tsantsa, da raƙuma da malamai da bayi, sunansa Shaihu Umar. Daga bakinsa na fara jin sunan wanda ya shirya shi.

Domin mai karatu ya gane matsayin mutumin, sai mu tuna cewa ta hanya biyu hoto mai motsi ya shigo mana. Ta farko ita ce silimar kasuwa, wadda Kwarori suka kawo, mutanen da su ne kuma suka fara kafa kantuna a Kantin Kwari. An buɗe Rex a Sabon Gari a 1937. A 1951 gobara ta tashi a El Duniya, mutum fiye da 300 suka rasu, abin da ya ƙara wa mutanen birni ƙyamar silima. Duk da haka aka buɗe Palace a cikin ganuwa a 1952. Hanya ta biyu ita ce majigi, wanda motar gwamnati ke yawo da shi gari gari, ana kafa allo a ƙofar fada ana nuna wa jama'a kyauta yadda ake noman auduga ko tsabtace gida. Silima ta baƙi ce, labaranta ma na baƙi. Majigi kuwa namu ne, amma wa'azin hukuma yake ɗauke da shi.

An haifi Adamu Halilu a 1936 a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu. Ya koyi rubutun labarin fim da tace hoto a Landan da Rum, ya kuma yi aiki a sashen shirya fina-finai na gwamnatin Jihar Arewa. Ke nan ɗan gidan majigi ne, a nan ya goge. Ya shirya fina-finan wayar da kai masu yawa, cikinsu har da Mama Learns a Lesson na 1963, sannan ya yi Child Bride a 1971. A fahimtata, babban aikin rayuwarsa shi ne ƙoƙarin haɗa hanyoyin nan biyu: ya ɗauko labarin da yake namu ya ba shi girman da silima ke bai wa labarin wasu.

Hakan ta tabbata a 1976. Littafin Shaihu Umar, kamar yadda aka sani, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo. Adamu Halilu ya mayar da shi fim mai launi, na fiye da awa biyu, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihun. Labari ne na malamin da ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa: yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa bauta, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi ya riƙe shi kamar ɗa, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. An nuna fim ɗin a bikin FESTAC na 1977 a Legas.

Bai tsaya nan ba. Ya yi Kanta of Kebbi a 1978 da Moment of Truth a 1981, ya kuma shugabanci Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da aka kafa a 1979. Sai dai ƙaddara ta riga fata. Gidajen silima da hanyar rarraba fim suna hannun 'yan kasuwar da fim ɗin Indiya ya fi musu araha da riba. Tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, yin fim a kan faifan silima ya gagari kowa. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, zamanin bidiyo ya kama, aka haifi abin da ake kira Kannywood. Lokacin da Allah Ya yi wa Adamu Halilu rasuwa a 2001, kasuwar kaset na ci a Ƙofar Wambai da Bata, amma an ɗauka babban fim ɗinsa ya ɓace.

Sai a 2016 aka gano faya-fayensa cikin tsofaffin gwangwanaye a rumbun Hukumar Fina-finai, ta ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi da tallafin ofishin jakadancin Jamus a Abuja, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Abin farin ciki ne, abin kunya kuma. Jamusawa sun zauna suna karanta fassara a ƙasan allo, alhali masu harshen da yawansu ba su ma san an yi fim ɗin ba.

Da na samu kallon gyararren kwafin, kunnena ya fi idona aiki. Na ji Hausar da ba ta gaggawa, gaisuwa mai tsawo, yadda almajiri ke sassauta murya gaban malami, yadda bafade ke magana gaban sarki. Littafi yana adana kalma, amma ba ya adana karin sauti da tsawon wasali, abubuwa biyun da rubutunmu na boko ba ya nunawa. Fim ɗin nan rumbu ne na muryoyin mutanen da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Bayan haka yana tilasta mana duban bauta a ƙasarmu, batun da muka fi son kawar da kai daga gare shi.

A ƙasashen da suka san darajar kayansu, lokacin hutu ne gidajen silima ke fito da tsofaffin fina-finai, kaka ya je da jikansa. Mu ma da tsohuwar zuma ake magani. A 2024 an naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar da Adamu Halilu ya taɓa riƙewa. Ina kira ga hukumar, da masu gidajen kallo na zamani, da sassan Hausa na jami'o'inmu, su ware ko da yini guda a kowane hutun Sallah domin Shaihu Umar, a sassauta kuɗin shiga ga ɗalibai. Attajiran Kantin Kwari kuwa, kuɗin dila ɗaya ta atamfa ya isa ya cika kujeru da yaran Fagge. A kuma ci gaba da binciken sauran ayyukansa tun kafin zafi da danshi su cinye faya-fayen.

Kawuna ya rasu bai sake ganin fim ɗin da ya ba ni labari ba. Ina fatan 'ya'yana za su gan shi a babban allo, a garinsu. Allah Ya jiƙan Adamu Halilu, Ya sa ya huta, amin.