Paul Ehrlich, Likitan da Ya Nemi Harsashin da Ba Ya Kuskure

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani likita ɗan ƙasar Jamus mai suna Paul Ehrlich. An haife shi a 1854 a garin Strehlen, wanda yanzu yake cikin Poland.

Tun yana ɗalibi ba abin da yake so kamar rini. Yakan zuba shi a kan jini ko tsoka ya duba a madubin likita. Sai ya lura cewa kowane rini yana da irin ƙwayar da yake kamawa, ya ƙyale sauran. Daga nan tunani ya zo masa: tunda rini yana zaɓe, me zai hana a sami maganin da zai zaɓi cuta kaɗai, ya bar mai cutar lafiya? Wannan shi ne abin da ya kira harsashin sihiri.

Tarin fuka ya kama shi, har ya je Masar jinya. Da ya dawo ya yi aiki a kan maganin mashaƙo da kuma garkuwar jiki, wato sojojin da jini ke ƙerawa, kowanne da abokin gabarsa. Wannan ya sa ya sami kyautar Nobel a 1908. A 1909 shi da Sahachiro Hata na Japan suka gwada sinadari mai lamba 606 a kan zomaye, ya zama maganin tunjere. Mu dai wannan lambar kaɗai ta ishe mu jinjina wa haƙurinsu.

Ciwon daji ne ya gagare shi. Ya yi shekaru yana dasa ƙari a jikin ɓeraye, amma har ya rasu a 1915 bai sami harsashinsa ba.

Wasu ne suka ɗora. A shekarun 1950, David Pressman a Amurka ya ɗaura wa sojojin garkuwar jiki sinadarin aidin mai fitar da radiyeshin, ya yi wa ɓeraye masu ƙari allura. Sojan ya san hanya, aidin kuma kayan da ya ɗauko ne. Idan ya manne wa ƙarin, na'ura za ta nuna wurin, radiyeshin kuma ya ƙona ƙwayoyin.

An gwada haka a kan dajin hanta, wanda ya shafe mu sosai domin ciwon hanta nau'in B yana yawan jawo shi a Afirka. Sai dai hanta tana da wuyar sha'ani. Aikinta tace jini ne, don haka takan riƙe sojojin ko a inda ba ƙari. Shi ya sa bayan allura masu bincike suke auna radiyeshin ɗin da ke cikin ƙarin ɓeran, su kwatanta da na lafiyayyar hantar da ke gefensa.