NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, UWAR 'YAN TARU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni.

Bayan haka, a makarantun firamare malamai kan sa yara su yi shigar mazan jiya a darasin zaman jama'a, wannan ya fito a Bayajida, waccan ta rataya takobin kara a matsayin Sarauniya Amina. Abin yabo ne. Sai dai yaro ya fi saurin riƙe mai takobi bisa ga mai alƙalami, don haka filinmu na wannan mako zai kawo tarihin wata baiwar Allah da ya kamata 'ya'yanmu mata su riƙa kwaikwayo.

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel wajen shekarar 1793, ita da ɗan'uwanta Hasan, tagwaye. Maimakon Usaina, sai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyadina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, matan Shehu suka rene ta. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yawon yaƙi da idonta, har aka ci Alkalawa a 1808. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Bello.

Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowane harshe da mutanen da ta nufa da shi. Malamai takan yi musu Larabci, kamar littafinta Tabshirul Ikhwan. Talakawa kuwa Hausa. Waƙar nan Tabbat Haƙiƙa, Shehu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi, wato ƙarin ɗango uku a gaban kowane baiti. Duk wanda ya taɓa koyar da aruli ya san juya waƙa daga harshe zuwa harshe ba tare da karya ma'auni ko ma'ana ba aikin gwanaye ne.

Amma babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da mata, da yawansu kamammun yaƙi, waɗanda ba su san farillan alwala ba, bori kuwa yana nan da ƙarfinsa. Matar aure ba ta iya barin ɗakinta ta tafi Sakkwato karatu. Sai Asma'u ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ana kiran kowace jaji, su taho da tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su ɗauki karatu a wurinta cikin waƙa mai sauƙin haddacewa, su koma su koyar da na cikin kulle: tauhidi, tsarki, salla, tarihin Annabi, da kyautata wa maƙwabci.

Dubi hikimarta a nan. Takan naɗa jaji da malfa da jan rawani. Malfa kuwa a ƙasar Gobir alama ce ta Inna, shugabar 'yan bori. Ba ta ƙone malfar ba, ba ta zagi masu ita ba. Ɗauko ta ta yi ta ɗora a kan mai koyar da salla, matan ƙauye suka ga girman da suka saba gani ya koma wurin ilmi. Malamar da ke shirya yarinya don wasan makaranta, ga kayan shigar nan a saukake: malfa, jan ƙyalle, allo da tawada.

Ta yi wa Bello marsiyya da ya rasu a Wurno a 1837, ta kuma ga ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa a wazirci. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Fiye da rubuce-rubucenta 50 sun iso gare mu, an tattara su an buga a 1997. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, amin.