Malam Abdullahi ɗan Fodiyo: Jagoran Mayaƙa, Malamin Sarkin Musulmi Bello

An haifi Malam Abdullahi a wajen shekarar 1766, wato yayansa Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun Shehu. Ya kuma ɗebi ilimi a wurin Malam Jibrila ɗan Umaru da wasu malamai da ya jero sunayensu a littafinsa Ida'un Nusukhi.

Tun jama'a na zaune a Ɗegel ya riƙa koyar da ɗan yayansa Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, ilimin Larabci da nahawu da balaga. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan dangantaka, domin za ta sake ɓullowa a gaba.

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, kuma shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi, su kuwa jama'a dawakinsu ba su wuce kimanin ashirin ba. Maharba 'yan baka ne suka tsaya har Gobirawa suka watse, aka kwashe dawakinsu ganima. A 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, amma kafin shekarar ta ƙare sai ga mummunar asarar da aka yi a Alwasa.

A nan ne halin mutumin ya fito fili. A 1807, ganin hankalin mayaƙa ya karkata ga ganima da neman sarauta, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Jama'ar Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, ya yi musu tafsiri, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkami kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Kanawa ba su daɗe da karɓar mulki daga hannun Sarki Alwali ba, saboda haka littafin ya zo daidai lokacin buƙatarsa. Daga nan ya koma gida.

A 1812 Shehu ya raba ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a ba tare da Abdullahi yana nan ba, ya iso ya tarar da ƙofofin Sakkwato a rufe. Ya juya, aka yi 'yan shekaru ana zaman doya da manja. Sai da Bello ya kai masa gudunmawa a yaƙin Kalambaina aka sasanta. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa kuma malaminsa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. A ganina, wannan ya fi cin Birnin Kebbi wuya.

Ga mai nazarin harshe, ayyukansa da suka fi jan hankali su ne Bahrul Muhidi kan nahawu da Hisnur Rasini kan tasarifi, duka biyun a waƙe domin sauƙin hadda, dabarar da malaman zaure suke amfani da ita har gobe. Akwai kuma babban tafsirinsa Diya'ut Ta'awili, da Tazyinul Waraƙati na 1813 inda ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da labarin jihadi.

Ya ƙare rayuwarsa a Gwandu yana koyarwa da rubutu, har ya rasu a 1829. Ɗansa Muhammadu ne ya gaje shi, bayansa kuma Halilu.