N. S. Krishnan: Ɗan Wasan Da Ya Yi Gyara Da Raha

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin masu cewa wasan barkwanci shashanci ne kawai. Su ji labarin N. S. Krishnan, ɗan ƙabilar Tamil ta kudancin Indiya.

An haife shi a 1908 a garin Nagercoil, a gidan talakawa. Ya fara da waƙar gargajiya da wasan daɓe, sannan ya shiga fim wajajen 1935. Yawanci tare yake fitowa da matarsa, T. A. Mathuram. Cikin raha yake sukar shan giya, camfi, da wulaƙanta mutum saboda asalinsa. Ana dariya, saƙo na shiga.

A 1944 aka kashe wani ɗan jarida, Lakshmikanthan, a birnin Madras. Aka kama Krishnan da jarumi Thyagaraja Bhagavathar, kotu ta ɗaure su. Sai a 1947 aka wanke su, bayan ƙara ta kai har Landan. Shari'ar ta ci dukiyarsa, amma bai karaya ba. Ya koma aiki, har ya ba da umarnin fina-finan Manamagal a 1951 da Panam a 1952. Ga shi da kyauta, abin hannunsa ba ya rufe masa ido.

Ya rasu a 1957 yana da shekara 48. A Madras ɗin, wadda ake kira Chennai yanzu, akwai babban zauren taro, Kalaivanar Arangam, mai ɗauke da laƙabinsa.

To jama'a, kafin mu raina sana'ar mutum, mu duba abin da yake yi da ita tukuna.